Ni Na Tsaya wa Gwamnati

Ina da shekara ashirin da huɗu, dukiyata a duniya ba ta wuce keke ɗaya mai kukan kaca da rigar da mahaifina ya bari ba, lokacin da na tsaya wa gwamnatin ƙasa bashi a gaban shaidu. Ba wasa nake yi ba. A tsakar gidanmu a Zangon Kumasi aka yi abin, bayan la'asar, har da shafa fatiha.

A lokacin ina kai labarai ga wata 'yar jaridar Turanci da ake bugawa a Kumasi. Ba ni da albashi, labarin da aka buga shi ake biya na. Rabin aikina kuwa babu mai biyansa ko kwabo: in na dawo da yamma sai in tsaya a zauren Alhaji, maigidan fataken goro na unguwarmu, in karanta jarida ina mayarwa da Hausa. Dattawa suna saurare suna ɓare goro, in na gama su ce, "To, Krachi ya kawo ƙaryar yau, Allah ya kai mu ta gobe." Krachi ake ce wa duk wanda ya yi boko ya riƙe alƙalami, ni kuwa sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Wata safiya editanmu ya aike ni wani ofishin gwamnati a Adum, ya ce za a yi wa 'yan jarida bayani a kan takardun bashi da gwamnati za ta fitar. Na shiga na tarar kowa cikin kwat da laktaye, ni kaɗai ne da 'yar shat ta kaki. Mai gadin ƙofa ya dube ni sama da ƙasa ya ce saƙon wa na kawo. Maganar nan ta ƙona mini rai ƙwarai. A hanyar komawa na biya ta Alabar wurin wani dillalin riguna, na tambaye shi nawa zai sayi babbar riga saƙi mai aska takwas. Rigar mahaifina nake nufi. Da ita yake zuwa Idi, ita kaɗai ta rage daga kayansa bayan an biya abin da ake bin sa. Dillali ya faɗi kuɗin da zai isa kwat ɗaya har da takalmi, muka rabu a kan zan kawo ta ran Asabar.

Da yamma na tsaya a zauren Alhaji na zazzage abin da na jiyo. Na ce gwamnati tana son gina hanyoyi da jawo ruwan famfo, kuɗin hannunta bai isa ba, don haka tana neman rance a wurin jama'a. Wanda ya bayar za a ba shi takarda mai lamba. Duk wata shida a ba shi ɗan ƙari a kan kuɗinsa, in shekara biyar ta cika a mayar masa da uwar kuɗin cif. Kafin lokacin ba za ka je ka ce a ba ka abinka ba, amma kana iya sayar da takardar ga wani. Haka na rubuta a jarida, haka na faɗa, kamar aku, don ni kaina ban gane abin ya wuce nan ba.

Alhaji ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Duk mun ji. Amma wa zai tsaya masa?"

A cinikin goro, baƙo ba ya ɗaukar kaya bashi don yana da kyan fuska. Sai maigidan da ya sauke shi ya ce na tsaya masa. In baƙo ya biya, madalla. In ya sa ƙafa ya gudu, maigida ne zai biya, ko da zai sayar da ƙyauren gidansa. Alhaji ya shekara talatin yana wannan aiki, kuma bai taɓa ganin bashi ba tare da mai tsayawa ba.

Na ce gwamnati ba ta bukatar mai tsaya mata.

Ya ce, "Wanda ba shi da mai tsaya masa, ba shi da mutunci a gari ke nan. Ka san gidansa? Ka san ubansa?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuma da zafin kai na ƙuruciya, ga haushin mai gadin nan bai sake ni ba, sai na buga ƙirji na ce, "To ni na tsaya mata!" Wani bafatake ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Kafin in tura kekena gida, magana ta riga ni isa. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina shekara bakwai. Waakye take sayarwa a bakin lungunmu, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa har su yi ja, kuma mutane daga Buokrom suke takowa saboda yajinta. Mace ce gajera mai kaifin baki, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ba a taɓa cutarta da ko rabin kwabo a ciniki ba. Na same ta tana kankare tukunya.

Ta ce, "Krachi, an ce ka yi baƙo."

Na ce wane baƙo?

"Gwamnati mana. An ce kai ne maigidansa. To ni zan ba shi bashi."

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit. Na san gwangwanin nan, kowa a gidan ya san shi. Kuɗin Makka ne, fam arba'in da ta shekara goma sha wani abu tana tarawa sule-sule. Na fara kame-kame, na ce ai maganar zaure ce, raha ce kawai. Ta ce baki shi ke yanka wuya, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta aika aka kira Alhaji da limamin masallacin lungunmu.

Da suka zauna ta ce, "Ɗan nan ya ce ya tsaya. Amma mai tsayawa wanda ba shi da gida ba shi da gona, jingina yake ajiyewa. Ko ba haka ba, Alhaji?"

Alhaji ya ce haka ne. Na yi sauri na ce ga keke.

Ta ce, "Wannan keken da sai an roƙe shi yake tafiya? Ba na so koraa, ko kyauta. Kawo riga."

Na ce wace riga, kamar ina da goma. Na shiga na ɗauko, ina jin kwat ɗina yana tashi sama kamar hayaƙin murhunta. Ta ninke rigar ta sa a akwatinta ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zane. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Ran Asabar na bi ta wata hanya don kada in haɗu da dillali.

Ran Litinin muka tafi gidan waya. Akawun da ya karɓi kuɗin ya sha aiki, domin yawancinsu sulalla ne da kwabbai masu ƙaurin itace da man ja. Gwaggo ta tsaya a kansa tana ƙirgawa tare da shi, in ya yi sauri ta ce ya koma baya. Da aka gama ta dangwala yatsa, aka miƙo mata takarda guda ɗaya. Ta juya ta gaba da baya, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ce da ni, "Tambaye shi, gwangwani cike ne ya koma wannan?" Sannan ta sa na tambayi akawun ina mai cin bashin yake zaune, ko da wata rana za ta bi ta ƙofar gidansa. Akawun Ba'ashante ne mai fara'a, ya ce in gaya wa Mama gidansa yana Ankara, babban birnin ƙasa, amma yana da ɗaki a kowane gari.

Daga ranar ban sake shan kokon safe cikin kwanciyar hankali ba. A Zango wanda ya ci bashinka yakan leƙo ya gaishe ka, ran Juma'a ko da Sallah, don ka san bai manta ba. Kullum na zo wucewa ta gaban tukunyarta sai ta ɗaga murya, masu saye suna ji, ta ce, "Krachi, baƙonka fa bai zo gaisuwa ba. Lafiya yake?" In ce lafiya lau, aiki ne ya yi masa yawa. Har 'yan mata masu layin waakye suka koya, suna tambayata ya jikin gwamnati.

Da wata shida ya cika sai ga takarda, aka ce ta je ta karɓi ƙari. Ranar na yi tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Gwaggo ta karɓo ta ce, "Yauwa, ya aiko da gaisuwa. Yana da tarbiyya." Amma ba ta sa kuɗin a gwangwani ba. Ta je ta tambayi liman, ya ce mata ƙari a kan rance ba abin da za ta ci ba ne, balle ta haɗa da guzurin Makka. Ba ta yi gardama ba. Ta sayi shinkafa da wake da kuɗin, ta dafa tukunya guda daban, ta aika tashar Kejetiya aka kirawo 'yan kaya, masu dakon nan da ba su da kowa a gari, suka ci kyauta. Haka ta riƙa yi duk wata shida. 'Yan kaya suka sa masa suna waakyen gwamnati, kuma sun fi ni sanin ranar da ƙari yake fitowa.

Wasu mata uku a lungunmu, da suka ga haka, su ma suka kai nasu kuɗin. Ni kuma a zaure aka rage ce mini mai ƙarya. Har na fara tafiya da jarida a hammata ko ba ni da niyyar karantawa.

Ana cikin haka maganar mulkin kai ta kankama. Gari ya cika da murna da gardama, mu 'yan jarida ba mu da lokacin cin abinci. Wata rana na shiga zaure sai Alhaji ya tare ni da murmushi ya ce, "Krachi, na ji baƙonka yana ɗaure kaya." Ya ce a wurinsu in baƙo ya ci bashi, aka ga ya fara sayar da tabarmarsa yana tambayar motar asuba, ba a jiran a ji daga bakinsa. Bature ne ya karɓi kuɗi, Bature zai hau jirgi. Wanda zai hau kujera kuwa cewa zai yi bai san zancen ba.

Maganar ta bi Zango kamar wutar kara. Biyu daga cikin matan nan suka sayar da takardunsu da araha, suka ce gara rabi a hannu. Alhaji da kansa ya tako har gidanmu, ya ce saboda zumunci zai karɓi ta Gwaggo a kan fam talatin, ya ɗauke mata asara. Ta ce ya ba ta kwana uku.

A kwana ukun nan na san tsoro. Ba rigar ce ta dame ni ba. Tunanin da ya hana ni sakewa shi ne matar nan ta shekara goma sha wani abu tana tashi hura wuta, hayaƙi ya cinye mata ido, in zo da bakina in ƙone mata Makka. Na ga cewa shekara biyu ina rubuta labarin takardun nan, ina ba mutane shawara, alhali ban taɓa tambayar wa ke biya ba, kuma da me. Na ji kunyar kaina matuƙa.

Na koma ofishin nan na Adum, da 'yar shat ɗina ta kaki, ban ma lura da mai gadi ba. Na samu wani tsohon akawu mai furfura na ce masa ba labari na zo ɗauka ba, so nake in gane. Ya zaunar da ni kusan awa biyu. Abin da na fito da shi na kai wa Gwaggo a bakin murhu, tana tsince wake.

Na ce bashin ba a wuyan Bature yake ba, a wuyan ƙasa yake. Ko wa ya hau kujera ya gaje shi, kamar yadda magaji yake gadon gida da bashin da ke kansa. Kuma dole ya so biya, don in ya ƙi, gobe ya nemi rance babu mai ba shi.

Ta ce, "Da wane kuɗi zai biya?"

Na ce da haraji, da kuɗin kokon cakulan da ake fitarwa waje, da na kwastan, har da irin tikitin da take yanka a kasuwa.

Ta tsayar da hannu a cikin faifai. "Tsaya. Tikitin da nake biya, da shi za a biya ni?"

Na ce wani ɓangare, e.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ashe kaina na ba bashi! Wannan baƙon naka ɗan kasuwa ne paa, na gaske."

Ban ɓoye mata sauran ba. Na ce farashin takarda a hannun mutane yana hawa yana sauka. In tsoro ya yi yawa masu sayarwa su yi yawa, sai ta faɗi, kamar goro ranar da motoci goma suka sauke kaya lokaci ɗaya. Amma wanda ya riƙe tasa har wa'adi, abin da aka rubuta a jiki shi za a ba shi, ba abin da aka taya a lungu ba. Na ce ba zan rantse mata ba, domin ƙasa ma tana iya shiga wahala ta kasa, sai dai ban ga alamar haka ba. In tana son sayarwa ba zan ga laifinta ba.

Ta dube ni ta ce, "Yau ka yi magana kamar mai tsayawa. Da can surutu kake." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ƙara da cewa, "Kuma wanda ya ce akuyarki mutuwa za ta yi, amma ya zo da igiya yana tayawa, ki ƙara mata dusa."

Da Alhaji ya dawo ran na uku ta ba shi waakye da ƙwai biyu, ta yi masa godiya, ta ce takarda tana nan inda take. Daga baya muka ji shi ne ya saye na matan nan biyu ta hannun wani. Bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce shi ɗan kasuwa ne, kuma ai bayanin Krachi ne ya fara shigarsa tun ran farko. Na rubuta labari a kan haka, ba tare da suna ba, na bayyana dalilin faɗuwar farashi da abin da mai haƙuri zai samu. Shi ne labari na farko da na rubuta wanda na san abin da nake faɗa daga farko har ƙarshe.

Bature ya tafi, wata shida ya cika, gaisuwa ta zo kamar kullum, 'yan kaya suka ci waakyensu. Abin da ya canja shi ne Gwaggo. Tunda ta ji da kuɗin irin nata ake aiki, sai ta zama mai duba gari. Aka kafa famfo a bakin lungunmu, in ta ga an bar shi yana zuba sai ta taso da ludayi a hannu tana cewa, "Ku rufe! Kuɗina ne yake tsiyaya!" Ta taɓa tsayar da masu gyaran hanya ta ce tsakuwar da suke zubawa ta yi kaɗan. Shugabansu ya tambaye ta ita wace ce, ta ce ya je ya tambayi ubangidansa wa ke bin sa bashi.

Ranar da shekara biyar ta cika muka koma gidan waya, ita da sabon mayafi, ni da kwat ɗin da na saya da kuɗin aikina, wanda zafinsa ya sa na fara tambayar kaina me na gani a jikinsa. Aka ƙirgo mata fam arba'in, sababbin takardun kuɗi na sabuwar ƙasa. Ta ce wa akawu ya gaya wa mai gidansa ya cika ɗan halak.

Bayan la'asar ta kira Alhaji da liman, wuri ɗaya da na farko. Ta baje kuɗin a tabarma suka gani. Alhaji ya ce a shekarunsa na tsayawa bai taɓa ganin wanda ya tsaya wa baƙo mai girman wannan ya fita lafiya ba, daga yau in an kawo takardar gwamnati ni za a fara tambaya. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi ne yake neman kashe ni.

Gwaggo ta kwance makulli daga bakin zane ta buɗe akwati. Rigar tana nan yadda aka ninke ta, tana ƙamshin kanumfari, ashe duk shekara tana fitar da ita ta shanya ba na nan. Ta ɗora mini ita a hannu biyu. Don in yi raha na ce, "Gwaggo, da gwamnati ba ta biya ba fa? Rigar nan ko rabin kuɗinki ba za ta yi ba."

Ta ce, "Ni na san gwamnati ne? Ko a hanya muka haɗu ban san shi ba." Ta gyara wuyan rigar da yatsa, inda zaren ya ɗan tashi. "Matar dillalin nan na Alabar a wurina take sayen waakye. Tun ran da ka je, kafin azahar na ji. In na ce kada ka sayar, za ka ce tsohuwa ba ta san zamani ba, ka fita da ita ta bayan gida. Makka tana nan ba ta tashi, in ban je bana ba na je baɗi. Amma yayana riga ɗaya ya bari."

Ni kuwa na kasa ɗaga ido, ina tsaye cikin kwat da rigar ubana a hannu, hawaye yana ɗiga a kan askar.

Bayan wata biyu muka raka ta tashar mota za ta kama hanyar Makka. Da rigar na je. Ta yi mini yawa a kafaɗa, sai naɗe hannu nake yi. Gwaggo ta leƙo ta tagar mota ta dube ni, ta ce in daina tattare ta kamar kayan aro, tawa ce.